Tsoffin bindigogin 'yan sanda da na soja: wacce ta cancanci a adana, kuma a wace ƙasa?

Mutum biyu ne suka sa ni wannan rubutu, tambayarsu ɗaya ce, amma amsar da zan ba kowannensu daban take. Na farko ɗan yayana ne da ke zaune a Amurka da takardar zama ta dindindin, wanda sha'awar tara tsoffin bindigogi masu watsa ƙwayoyin dalma ta kama shi, irin waɗanda rundunonin 'yan sanda da na soja suka gama aiki da su suka fitar kasuwa. Na biyu wani dattijo ne da muke sallar asuba a masallaci ɗaya a Agege, mai fataucin shanu, wanda ya ga hotunan da yaron ya turo mini a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Malam, ko guda ɗaya ce ina son irin wannan in rataye a falo, domin mahaifina ɗan sanda ne tun zamanin Turawa." Na fahimci abin da yake nufi. Ba makami yake nema ba, abin tunawa da mahaifinsa yake nema, kuma Bahaushen Legas yana da hujjar jin cewa wannan tarihi nasa ne, tunda rundunar da Baturen Ingila John Glover ya kafa a wannan gari a 1863 da Hausawa ya kafa ta, kuma daga ita ne sojan Najeriya ke fara lissafin asalinsa.

Bindigar da ake magana a kanta bututunta sumul yake daga ciki, babu zanen da ke juya harsashi, kuma kwanso ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi da yawa da ke bazuwa idan an harba. Shi ya sa hukumomi suka so ta wajen gadin kurkuku da ma'ajiya da kwantar da tarzoma, inda nisa kaɗan ne kuma ba a son harsashin da zai wuce ya samu wanda ke can nesa. Yawancin waɗanda masu tarawa ke nema masu famfo ne, wato ana jan katakon da ke ƙarƙashin bututu baya a tofar da kwanson da aka harba, a tura shi gaba a ɗora sabo. A riƙe wannan bayani, domin a kansa ne dokar Najeriya ta raba hanya da ta Amurka.

Wadda kowa ke fara ambata ita ce Winchester 1897, ƙirar mai tsara bindigogi John Browning, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1897 har 1957, fiye da guda miliyan ɗaya. Sunanta ya fito ne daga Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da sojojin Amurka suka shiga ramukan yaƙi a Faransa da wani nau'inta mai bututu inci 20, an lulluɓe saman bututun da ƙarfe mai huji-huji don kada ya ƙona hannu, an kuma yi masa wurin ɗaura banati, wato wuƙar bakin bindiga. A Satumbar 1918 gwamnatin Jamus ta shigar da ƙorafi a hukumance cewa bindigar ta saɓa wa dokokin yaƙi, har ta yi barazanar kashe duk sojan da aka kama da ita, Amurka kuma ta yi watsi da ƙorafin. Wannan labari ne ke ɗaga farashinta, kuma shi ne ya jawo mata jabu. Ana ɗaukar ta farauta ta gama-gari a yanke bututu, a ɗora mata sabon murfin ƙarfe, a buga mata haruffan U.S. da tambarin bam mai harshen wuta, a sayar wa sabon shiga a matsayin wadda ta je yaƙi. Masana na duba abubuwa ƙanana: murfin zamanin yaƙin farko layi shida na huji gare shi, na yawancin yaƙi na biyu layi huɗu, ta yaƙin farko gangar jikinta a haɗe take da bututu, ta yaƙi na biyu ana iya raba ta gida biyu, lambar da ke jikinta kuma dole ta faɗo cikin shekarun da aka yi wa soja odar. Wanda bai riƙe na gaskiya da yawa a hannunsa ba, da wuya ya gane na ƙarya daga hoto. Akwai kuma batun hatsari, domin gudumarta, wato ƙarfen da ke bugawa harsashi ya tashi, a waje take, kuma idan aka danne kunama aka ci gaba da famfo tana tashi duk lokacin da aka rufe ta. Tsohuwar da ta haura shekara ɗari, wadda haƙoran ƙarfenta na ciki suka cinye, ba abar koyo ba ce. Don haka na ce wa ɗana ya ajiye ta a matsayin buri, kada ya fara da ita.

Ƙanwarta Winchester Model 12, wadda ta fito a 1912 aka daina ƙera ta da yawa a 1964, ta fi ta santsin aiki kuma gudumarta a ɓoye take. Ta yi Yaƙin Duniya na Biyu da na Koriya, amma matsalar jabu da tsada da ta dami yayarta ita ma ba ta bar ta ba.

Ithaca 37 kuwa wata aba ce daban, kuma ina da rauni a kanta. Ta fito a 1937, tushenta ma ƙirar Browning ce, amma ta ƙasa ake loda ta kuma ta ƙasa take zubar da kwanso, saboda haka gefunanta biyu a rufe suke ruf. Ruwan sama da laka da yashi ba sa samun ƙofar shiga da sauƙi, bahago da mai dama duk ɗaya ne a wurinta, kuma ba ta da nauyi duk da cewa gangar jikinta ƙarfe ce. 'Yan sandan Los Anjeles da na Niyu Yok sun yi shekaru suna yawo da ita a mota, sojojin Amurka kuma sun kai ta dazukan Biyetnam. Amfaninta ga mai tarawa shi ne tana da tarihi ta ɓangare biyu, na ɗan sanda da na soja, kuma wadda ta fito daga hannun 'yan sanda ba ta kai tsadar da za ta sa maƙaryata su wahalar da kansu a kanta ba. Illarta ita ce kayan gyaranta ba su cika kasuwa kamar na Remington ba, kuma a tsofaffin da aka yi kafin farkon shekarun 1960 ba a sauya bututu haka kawai sai maƙerin bindiga ya daidaita shi.

Idan kuwa mafari mai sauƙi ake nema, babu kamar Remington 870. Tun 1950 ake yin ta, an ƙera fiye da miliyan 11, kuma rundunonin 'yan sanda masu yawa a Amurka sun riƙe ta. Yayin da rundunoni ke sauya makamai, sukan miƙa tsofaffin ga dillalai masu lasisi, su kuma su sayar. Hoton da ya tsayar da Alhaji, dattijon nan na Agege, na irin wannan ne: fentin ƙarfen ya goge ya yi fari a daidai inda maƙallin motar sintiri ke riƙe ta, ƙotar katakon duk tabo, an buga lamba 14 a gindinta da ƙarfe mai zafi, amma cikin bututun yana sheƙi kamar sabo. Haka galibin bindigogin 'yan sanda suke, an ɗauke su shekara ashirin, an harba su sau kaɗan. Wannan gogewar ita ce shaidar aikinta, kuma wanda ya kankare ta ya sake fenti ya rage mata daraja a idon masu tarawa. Abin lura a nan shi ne bambanci tsakanin nau'in Wingmaster da Police a gefe ɗaya, waɗanda aka fi kyautata aikinsu, da nau'in Express mai araha da ya fito a 1987, wanda wasu ke sa wa ƙotar roba baƙa su kira shi na 'yan sanda. Sunan nau'in a rubuce yake a gangar jiki, sai a karanta. Tun da kamfanin ya durƙushe a 2020, aka kuma rufe tsohuwar masana'antarsa ta garin Ilion a 2024, waɗanda aka ƙera a can sun ƙara samun masu so.

Mossberg 590A1 ba zan daɗe a kanta ba. Bindiga ce mai ƙwari, mai kaurin bututu, wadda ta cika sharuɗɗan gwajin sojan Amurka, kuma maɓallin kariyarta a sama yake inda babban yatsa ke kaiwa. Amma har yanzu ana ƙera ta sabuwa ana sayarwa a kanti, saboda haka mai neman kayan aiki ne ya kamata ya dube ta, mai neman tarihi kuwa bai rasa komai ba idan ya wuce.

Duk waɗannan na Amurka ne, tarihinsu tarihin wasu ne. Wadda ta fi kusa da labarinmu, mu da muka zauna ƙarƙashin mulkin Ingila, ita ce bindigar 'yan sanda ta kamfanin W. W. Greener na birnin Birmingham, kuma a ganina ita ce mafi ilimantarwa a cikin jerin gaba ɗaya. A farkon shekarun 1920 aka fito da ita, babbar mai sayenta gwamnatin Masar ce, don masu gadi da 'yan sandan ƙauyuka. Harsashi ɗaya take ci. Ana danna wani hannu da ke ƙarƙashinta, tubalin ƙarfen da ke toshe gindin bututu ya sunkuya, a zura kwanso da yatsa, a rufe. Tsarin Martini ke nan, wanda sojan Ingila ya ɗauka tun 1871. An rufe bututunta da katako har kusa da baki aka sa masa hular ƙarfe, domin an san za a yi duka da ita fiye da yadda za a yi harbi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne harsashinta. Da gangan aka yi mata wani girma da ba a sayarwa a kasuwa, don idan an sace ta, ko mai riƙe da ita ya juya wa gwamnati baya, ta zama sanda da zarar 'yan harsasan da aka ba shi sun ƙare. Da mutane suka gano dabarar cusa mata harsashin kasuwa, sai kamfanin ya fito da nau'i na uku, mai kwanso mai siririn wuya da allurar harbi mai yatsu uku, wadda ba ta isa ga kwanso sai wanda aka yi wa rami na musamman a gindi. Duk wanda ya riƙe wannan bindiga ya riƙe tunanin mai mulkin mallaka game da ɗan ƙasar da ya ɗauka aiki: ana buƙatarsa ya tsare hukuma, amma ba a amince masa da makamin da zai iya ciyarwa da kansa ba. Haka aka yi a Indiya, inda masana'antar Ishapore ta mayar da bindigogin yaƙi na Lee-Enfield masu cin harsashi goma zuwa masu cin ɗaya na girman .410, aka toshe gurbin ma'ajin harsashi da katako, aka miƙa wa 'yan sanda da gandirobobi. Ga mai tarawa, Greener da Ishapore galibi ba su kai bindigar ramukan yaƙi tsada ba, jabunsu kaɗan ne, kuma ƙarancin harsashin Greener bai dami wanda adanawa ce manufarsa ba. Abin dubawa shi ne ko wani ya sake huda ta don ta ci harsashin kasuwa, domin yin haka ya shafe ainihin abin da ya sa ta zama abar sha'awa.

To ga shawarata ga ɗana, kuma ita ce ga duk Bahaushen da ke zaune a inda doka ta ba shi dama. Ya fara da Remington 870 ta 'yan sanda mai alamar rundunar da ta fito, ko Ithaca 37 idan ya dace da mai kyau, domin a kansu zai koyi karanta lamba da tambari da tsatsa ba tare da ya yi babbar asara ba idan ya yi kuskure. Ta biyu ta zama Greener. Winchester 1897 ta jira har sai idonsa ya buɗe, ya kuma sami masanin da zai duba masa. Ko a can ɗin akwai iyaka: dokar tarayyar Amurka ta 1934 ta sa duk mai bututu ƙasa da inci 18 cikin rukunin da ke buƙatar rajista ta musamman, kuma wasu na 'yan sanda inci 14 ne, mai bizar ziyara ko ta karatu ba matsayinsa ɗaya da mai takardar dindindin ba, kowace jiha kuma da nata ƙarin sharuɗɗan. Bindigar da ta shekara 50 tana shiga rukunin kayan tarihi, wanda ke da lasisin masu tarawa na kansa. Na zaune a Ingila kuwa ya sani cewa tun dokar 1988, takardar izinin bindigar farauta ba ta rufe mai famfon da ma'ajinta ke cin fiye da harsashi biyu ba, kuma bututu sai ya kai inci 24.

Ga Alhaji kuwa maganar ta sauya gaba ɗaya, kuma na faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba. Dokar Makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kamar bindigogin yaƙi da ƙananan bindigogin hannu. Akwai na mutum, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Sai kuma bindigar toka da danginta masu ɗuri ta baki, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar farauta tana rukuni na biyu, amma dokar ta cire masu sarrafa kansu da duk wadda ke da na'urar sake ɗora harsashi. Wato Winchester da Ithaca da Remington da Mossberg, huɗun da suka fi farin jini a wajen masu tarawa, duk sun faɗa waje da abin da lasisin mutum ya tanada. A 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai daga hannun jama'a, masu famfo na cikin jerin, a 2023 kuma rundunar ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Hukuncin mallakar haramtacciyar bindiga ba ya gaza ɗaurin shekara goma. Babu wani sashe a dokar da ya ce tsufa ko ƙaunar tarihi uzuri ne, kuma ma'anar bindiga da ta harsashi a cikinta ta haɗa har da sassansu, don haka ko bututu shi kaɗai ko tarin kwanso na iya jawo wa mutum tambayar da ba zai iya amsawa ba.

Mu mazauna Legas mun ga dalilin wannan tsanani da idonmu. A Janairun 2017 jami'an kwastam suka kama bindigogi masu famfo 661 a cikin kwantena a nan garin, a watan Mayu aka sake kama 440 a tashar Tin Can, a Satumba kuma 1,100 sannan 470. A Oktoban 2020 an ƙona ofisoshin 'yan sanda a unguwanni da dama aka kwashe makamai. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa makaman 'yan sanda 178,459 ne ba a san inda suke ba. A nan ne bambancin ƙasashen biyu ya fi fitowa fili. A Amurka tambarin hukuma a jikin tsohuwar bindiga daraja ce, domin akwai rasit da dillali mai lasisi da hanyar da ta bi ta fito. A Legas wannan tambarin shaida ce a kan mai riƙe da ita, domin babu kantin da rundunar ke sayar wa jama'a makamanta. Na taɓa zama a wata majalisa a Mile 12 inda wani ya rage murya ya ce yana da hanyar samun "kayan gwamnati" da araha. Babu wanda ya tanka masa, wani dattijo ya miƙe ya naɗe tabarmarsa, muka watse. Irin wannan bindiga ko dai ta sata ce, ko an ƙwace ta daga hannun jami'in da wataƙila ya rasa ransa a kanta, kuma wanda aka same ta a gidansa zai amsa tambaya a kan duk abin da aka aikata da ita kafin ta iso gare shi.

Greener da ke cin harsashi ɗaya ta fi kusa da abin da dokar ke iya lamunta, amma shigo da ita na buƙatar lasisin shigo da makami ban da na mallaka, kuma a halin da ake ciki ban ga hikimar dattijo mai mutunci ya jefa kansa cikin wannan ɗawainiya don abin ratayewa a bango ba. Ko da ma ta samu, iskar Legas mai laima da gishirin teku tana cin ƙarfe cikin 'yan makonni idan ba a shafa masa mai ba, kuma falon da jikoki ke shiga da fita ba wurin ajiye bindiga ba ne. Wanda ya gaji bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu daga mahaifinsa shi ma ya sani cewa lasisi ba ya shiga rabon gado. Abin da ya dace shi ne ya nemi lauya, a sanar da 'yan sanda.

Da na gama wannan bayani sai na tambaye shi: "Alhaji, me Baba ya bari?" Bayan kwana biyu ya kira ni gidansa, ya fito da wata akwatin ƙarfe da ta yi tsatsa a kusurwoyi. A ciki akwai takardar sallamar mahaifinsa daga aiki, ta yi ruwan ƙasa ta kusa rabuwa a inda aka ninke ta, da lambarsa ta aiki da garuruwan da ya zauna a rubuce da alƙalamin tawada. Akwai usur na tagulla da sarƙarsa, da maɓallai uku, da hoto baƙi da fari na mutum takwas a tsaye cikin gajeren wando da jar dara, kowanne da doguwar bindiga a gefensa. Na ce masa babu mai tarawa a Amurka da ke da wannan, domin su suna sayen bindigar da ba su san wanda ya riƙe ta ba, shi kuwa yana da mutumin da sunansa da lambarsa. Da wannan lamba ana iya neman ƙarin bayani a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ko ta Ibadan, inda takardun zamanin Turawa suke, daga hoton kuma masani zai iya gane irin bindigar da suke riƙe da ita da kimanin shekarun da aka ɗauke shi. Idan ganin ƙarfen da ido yake so, Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia yana nan, Gidan Makama na Kano ma yana nan. Maɓallan da usur ɗin a bar su cikin gilashi a gida, kada wani yaro ya maƙala su a riga, domin shigar ɗan sanda ga wanda ba shi ba laifi ne. Takardar kuwa na roƙe shi kada ya bari a manne ta da roba mai zafi kamar yadda ake yi wa satifiket a bakin titi, domin zafin da gam ɗin suna lalata tsohuwar tawada kuma ba a iya cirewa daga baya. A ɗauki hotonta mai kyau, a shimfiɗa ta tsakanin farar takarda biyu, a ajiye ta nesa da bango mai laima.

Mun yi alkawari da shi cewa bayan Babbar Sallah, idan kasuwar shanu ta lafa, za mu hau jirgin ƙasa daga Agege zuwa Ibadan da kwafin takardar a hannu.